Yadda ake tsare uwar kuɗi idan annoba ta tsayar da kasuwa a Damagaram

Ranar 19 ga Maris 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai korona a Nijar, kuma a cikin kwanakin nan aka rufe iyakokin ƙasa, aka dakatar da jiragen ƙasashen waje a filayen Yamai da Zinder, wato Damagaram. Ga ɗan kasuwar Damagaram abin ya zama fami ne, don Najeriya ta riga ta rufe nata iyakokin tun Agustan 2019, ba ta buɗe ba sai Disambar 2020. Bayan korona an ga kwalara a 2021, an ga sanƙarau, an ga mashaƙo a Matamaye a 2023. Kowace cuta da kamarta, amma abin da ke samun mai ƙaramar sana'a bai cika canzawa ba: kaya su yi wuyar shigowa, masu saye su ragu, masu neman bashi su ƙaru. Yawancin kantunan da ke rufewa a irin wannan lokaci, uwar kuɗi aka cinye da kaɗan-kaɗan, ba a farga ba sai ranar sari. Duk matakan da ke tafe don hana wannan ne.

Mataki na farko: san kwana nawa kuɗinka za su kai ka

A daren da aka sanar da doka, ɗauki littafi ka rubuta abin da ke fita kullum, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Kuɗin wata ka raba su gida 30. A ce hayar kanti sefa 15,000 ce, wato 500 a rana. Wuta 6,000, wato 200. Yaron kanti 15,000, wato 500. Cefanen gida 2,500. Jimla 3,700 kowace rana. In da kana cinikin 40,000 a rana da ribar kashi 10 cikin 100, kana samun 4,000, kana rufe buƙata har da ɗan saura. Ciniki ya ragu da rabi, riba ta koma 2,000, giɓi ya zama 1,700 kullum, wato 51,000 a wata. In tsabar kuɗin da ke hannunka 150,000 ne, kwana 88 ke gare ka kafin ka fara cin kayan da ke kan kanta.

Wannan adadin na kwanaki shi ne za ka riƙa dubawa duk mako. Kada ka sa bashin da kake bin mutane a cikin lissafin, kada kuma ka sa kayan da ba a sayar ba. Abin da za ka iya ƙirgawa da hannu ko ka gani a asusun waya, shi kaɗai ne kuɗi.

Daga nan ka raba aljihu biyu. Kuɗin gida ka yanke musu adadi, ka riƙa fitar da shi sau ɗaya da safe. Sabulu ko sukarin da aka aiko yaro ya ɗauka daga kanti, a rubuta shi da farashinsa kamar na baƙo. Nan ne aka fi yin ɓarna, domin ba wanda ke ganin gwangwanin tumatir ɗaya a matsayin kuɗi.

Mataki na biyu: fitar da kuɗi daga kayan da suka kwanta

Zagaya kantin ka kasa kaya uku: waɗanda ke ƙarewa cikin mako, waɗanda ke kai wata, da waɗanda sai biki ko salla. Idan aka hana taruwa, bikin aure da na suna suna raguwa, kuma kashi na uku shi ke fara tsayawa: atamfa, shadda, turare, kwanukan jere, takalman ado. Azumin 2020 ya kama a ƙarshen Afrilu, masallatai a rufe har 13 ga Mayu. Wanda ya cika kanti da kayan salla tun kafin doka ya ga kuɗinsa a rataye.

Duba wannan lissafin. Sefa 50,000 a sabulu, sukari, mai da magi, in suna juyawa cikin kwana 5 da ribar 3,000, sun ba ka 18,000 a wata. Sefa 50,000 ɗin a atamfa, ko da ribarta 12,000 ce, in sai ta yi wata biyu, 6,000 ke nan a wata. Ribar atamfa ta fi daɗin faɗa, amma sabulu ke biyan haya. Saboda haka kayan da suka kwanta, sayar da su a kuɗin da ka saro, ko ma da ɗan ragi, tun sauran 'yan kasuwa ba su fara karyar da nasu ba. Wanda ya jira wata biyu zai yi ragin da ya fi wannan, ga ƙura da rana sun ci launi.

Kayan da ke lalacewa kuwa a rage sarinsu ƙwarai. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan wuce digiri 40, wuta kuma tana ɗaukewa. Mai firiji da ke sayar da yawur, kifi ko lemon leda ya saro na kwana biyu kawai. Mai alkaki, mai ƙuli-ƙuli da mai kilishi sun fi samun sarari tunda kayansu na jimiri, amma su ma su rage yawan abin da suke yi a tashi ɗaya, don babban cinikinsu na matafiya ne a tasha, kuma matafiya su ake fara tsayarwa.

Mataki na uku: sa farashi da kuɗin sarin gobe

Wannan shi ne ramin da ya fi cin mutane masu gaskiya. Ka sari katan a 9,000. Iyaka ta rufe, katan ya koma 11,000 a hannun babban dila. Kai kuma ka sayar a 10,000 kana murnar ribar 1,000. Katan 10 sun ba ka 100,000, ka koma sari, kuɗin suka sayo 9. Ka sake juyawa sau uku a haka, kanta ta fara nuna katako, alhali littafi yana cewa kana cin riba. Kafin ka buɗe da safe, buga waya Kasuwar Dole ka ji farashin yau, a kansa za ka ɗora ribarka. In kayan na Kano ne, daga Kwari ko Singa, tambayi 'yan canji yadda naira ta kwana, don ita ma tana cikin kuɗin sari.

Wannan daban yake da ɓoye kaya a jira su yi tsada. Mai ɓoyewa yana tsayar da kuɗinsa, ga tsinuwar unguwa, kuma ranar da hanya ta buɗe farashi kan faɗo masa a ka. Idan farashi ya hau, ƙulla ƙanana: sukari na dala 10 (sefa 50), mai na dala 20 (sefa 100), omo a leda. Mai saye ba ya da jaka guda (sefa 1,000) a hannu, amma yana da dala 20 kullum.

Kada kuma ka dogara da hanya ɗaya. In ka saba sari ta Magarya ko ta Matamaye, nemi lambar dila a Maraɗi, da wani a cikin gari, tun kafin buƙata ta taso. Ku haɗu ku uku ko huɗu ku yi sari ɗaya, mutum ɗaya ya karɓo, ku raba kuɗin mota. Abin da ake samu a nan gida, kamar gero, wake, gyaɗa da man gyaɗa, ba ya jiran iyaka. Wake dai in za a ajiye shi, a sa shi a buhun nan mai leda biyu a ciki, a ɗaure kowace leda daban, in ba haka ba ƙwari su riga ka.

Mataki na huɗu: bashi

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma ba za ka iya hana maƙwabcin shekara goma tiyar gero ba. Abin yi shi ne ka sa masa iyaka. Yanke adadin da duk bashin kanti ba zai wuce ba, misali kashi 10 cikin 100 na jarinka. In ya cika, ba sabo sai an biya tsoho. Ma'aikaci mai albashi ana iya jiransa ƙarshen wata. Ɗan kabu-kabu ko lebura da ke samu kullum, a ba shi na kwana biyu ko uku, ya biya ya sake ɗauka, don in ya taru ya kai 20,000 kunya za ta sa ya canza hanya, ka rasa kuɗin ka rasa cinikinsa. Wanda ka san ba shi da hanyar biya, ba shi abin da za ka iya sadaka, ka cire shi daga littafi. Tsohon bashi kuwa a karɓe shi ko dala 50 ce kullum.

Bashin da ake bin ka, kai za ka fara zuwa. Je wurin mai haya tun wata bai ƙare ba: "Alhaji, ga yadda kasuwa take, zan kawo rabi yanzu, sauran a raba mini wata uku." Haka za ka yi wa dila. A 2020 BCEAO, babban bankin ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, ya ba bankuna damar ɗage wa 'yan kasuwar da annoba ta shafa biyan bashi na wata uku, amma irin wannan sauƙi sai wanda ya je ya nema yake samu, kuma a rubuce. Adashe ma a zauna a rage zubi, in ana zuba 5,000 a mayar 2,000, ya fi a bar shi ya watse bayan rabin mutane sun kwasa. Sabon bashi mai kuɗin ruwa kada a ci shi don biyan haya ko cefane. Ba a cin bashi sai don kayan da aka tabbatar za su fita kafin ranar biya.

Mataki na biyar: kai kaya inda mai saye yake

Tara lambobin masu sayenka. Kowace safiya ka ɗauki hoton abin da ke akwai ka sa a WhatsApp, ka haɗa da saƙon murya mai faɗin farashi, don da yawa ba karatu za su yi ba. Matan da ke cikin gida su ne manyan masu saye ta wannan hanya. Kada ka tura ɗan kabu-kabu saboda saƙo ɗaya, kuɗin mashin zai cinye ribar. Haɗa na Birni wuri ɗaya, na Zango da Sabon Gari wuri ɗaya, na Garin Malam da Karkada wuri ɗaya, a fita sau biyu a rana, a kuma sa mafi ƙarancin sayen da ake kaiwa gida.

Karɓi kuɗi ta Airtel Money, Moov Money, Nita ko Amana, amma ka san kuɗin cirewa ka sa shi cikin farashi. Kuma kada ka saki kaya saboda an nuna maka saƙo a waya. Buɗe asusunka ka ga kuɗin sun shiga, domin saƙon ƙarya yana yawaita duk lokacin da mutane suka koma biya ta waya.

Mataki na shida: tsaftar da ba ta cin ruwa da yawa

A Damagaram ruwa kuɗi ne, musamman da bazara. Sa bokiti mai famfo a ƙofa, da wani a ƙasa mai tarar ruwan. Sabulun sanda yakan yi ƙafa, don haka narka giram 30 na omo a gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi, ka huda murfin. A jiƙa hannu, a rufe famfo, a cuɗa na daƙiƙa 20, sannan a ɗauraye. Don goge kanta, sikeli da mariƙin ƙofa, duba ƙarfin ruwan jabel, wato bilic mai kashe ƙwayoyin cuta, a jikin kwalba: in kashi 3.5 ne cikin 100, awo 1 na jabel a awo 34 na ruwa. A haɗa sabo kullum, a ajiye a inuwa don rana na kashe ƙarfinsa, kada kuma a gauraya shi da wani maganin wanki. Idan cutar ta numfashi ce, gitta tebur a bakin ƙofa ya zama akwai tazarar mita ɗaya, ka sa takunkumi, ka bar iska na shiga. Idan kwalara ce, hankali ya koma kan ruwan sha, ƙanƙara da abincin da ke buɗe.

Yaron kanti gara a rage masa kwanaki da a sallame shi. Kuma tun kana lafiya ka nuna wa mutum ɗaya amintacce, uwargida ko ƙane, inda littafin bashi yake, da lambobin dilolinka, da farashin sarin kowane kaya, saboda in zazzaɓi ya kama ka gida za ka zauna mako biyu, kantin kuma ya ci gaba da buɗewa.

Idan aka sassauta doka, kada ka cika kanti a sari ɗaya. Korona ta lafa a tsakiyar 2020, ta sake tasowa a ƙarshen shekarar. Ƙara sari da kashi ɗaya cikin huɗu duk mako, kana duba abin da ke fita, kuma kada ka koma wa kayan biki sai kuɗin haya da cefane na wata guda sun taru a gefe.