Yadda Ake Neman Geocache Da GPS Na Hannu Ba Tare Da Ka Wuni Kana Zagaye Bishiya Ɗaya Ba

Duk wanda na taɓa fita da shi geocaching karon farko abu ɗaya yake yi, ya kafa wa sikirin ɗin GPS ido yana bin kibiya kamar ita ce zata ɗauko akwatin ta miƙa masa a hannu, har ya zo ya tsallake abinda yake nema bai ma sani ba. Nima haka nayi a farko, wlh na fi awa ɗaya ina zagaye gindin wata bishiya, na'ura tace saura mita 2 gaba, in na matsa tace mita 4 baya, ashe akwatin yana cikin wani tsagin dutse can gefe inda ban ko kalla ba.

Ga wanda bai san wasan ba, wani ne zai ɓoye ɗan akwati ko gwangwani a wani wuri, ya ɗauki lambobin wurin da GPS ya sa a intanet, kai kuma ka bi lambobin ka nemo shi, ka sa hannu a takardar da ke ciki, ka mayar. Wani mutum Dave Ulmer ne ya fara, ranar 3 ga Mayu 2000 a jihar Oregon ta Amurka, kwana ɗaya bayan gwamnatin Amurka ta daina dagula siginar GPS da gangan ga farar hula. Kafin nan na'ura tana iya kuskuren mita 100, bayan nan ya sauko kusan mita 10. Amma fa lura, raguwa kuskuren yayi, bai tafi ba, kuma har yau bai tafi ba.

Mataki na 1: gyara saiti tun kana gida

Kafin komai shiga saitin na'urar ka duba abu biyu. Na farko datum, wato ma'aunin siffar duniya da aka gina lambobin a kai, dole ya zama WGS 84 dan shi shafin Geocaching.com ke amfani da shi. Yawancin na'urori a kan sa suke zuwa, amma in ta hannu ka saya kada ka yarda da hakan sai ka gani da idonka, wataƙila mai ita na baya yayi aiki da tsohuwar taswirar takarda ya canza, kuma datum na daban yana iya kai ka mita ɗari ko fi daga inda ya kamata.

Na biyu tsarin rubuta lambobin, nan ne mutane suka fi faɗawa rami. Geocaching yana amfani da digiri da minti mai ɗigo, a na'urorin GPS na kamfanin Garmin zaka ganshi an rubuta hddd°mm.mmm'. Akwai kuma digiri zalla mai ɗigo, irin wanda Google Maps ke baka in ka danna wuri. Su biyun suna kama a ido amma ba ɗaya bane ko kaɗan, saboda minti 60 ne a digiri ɗaya ba 100 ba. Misali N 45° 30.500 in ka mayar da shi digiri zalla 45.50833 ne, toh in ka yi ganganci ka buga 45.30500 ka tafi kusan kilomita 23 kudu da wurin. Na ga wanda ya yi haka yana ta zagin na'ura wai ta lalace. Kuma ko lambar ƙarshe ɗaya tak ka kuskure, 0.001 na minti ya kusa mita 2 a ƙasa, in ta tsakiya ce mita 18, in ta farko bayan ɗigo ce mita 185. Haka N da S (arewa da kudu), E da W (gabas da yamma), a duba sau biyu.

In ka gama, in na'urarka tana karɓar GLONASS ko Galileo, wato taurarin ɗan'adam na Rasha da na Turai, ban da GPS, kunna su, batir zai ɗan ƙara ci amma a ƙarƙashin bishiyoyi zaka gode. Sannan nemo inda aka rubuta Lock On Road ka kashe shi, in ba haka ba zata dinga jan ka ta ɗora kan titin da ya fi kusa alhali kana tsakiyar daji. Ka kuma faɗa mata irin batirin da ka sa, alkalin ne ko mai caji, in ba haka ba alamar batir ƙarya zata dinga yi maka.

Mataki na 2: loda wuraren da taswira

Ni bana buga lambobi da hannu sai dole, saboda abinda na faɗa a sama. Sauke fayil ɗin GPX na akwatin daga shafin, jona na'urar da kwamfuta, ka jefa shi cikin folda mai suna GPX da ke cikin foldar Garmin, shikenan. Alherin GPX shine yana zuwa da bayanin akwatin da alamar taimako, wato ɗan hasken da mai akwatin ya bayar kan maɓoyar, da rubutun waɗanda suka je kwanan nan, ba lambobi kawai ba. Masu biyan kuɗin shekara a shafin suna da Pocket Query wanda ke haɗa maka har guda 1000 a fayil ɗaya, amma gaskiya sabon shiga baya buƙatar wannan, guda biyar sun ishe ka fitar farko, ajiye kuɗinka tukuna.

Taswirar da ke zuwa da ƙananan na'urori kusan fanko ce, manyan tituna kawai. Ba sai ka sayi ta kamfani ba, akwai taswirorin OpenStreetMap kyauta da aka shirya wa Garmin, fayil ne mai ƙarewa da .img, ka sa shi a foldar Garmin cikin memori. Sau da yawa ma sun fi nuna ƙananan hanyoyin ƙafa. In da waya zaka haɗa, manhajar c:geo ta Android kyauta ce kuma tana ajiye taswira ta yi aiki ba data, sai dai ka sauke tun kana gida, ba sai ka isa inda babu sabis ba ka tuna. Ni dai yanda nake yi, waya dan kallon hoton sama da karanta bayani, GPS na hannu dan tafiya, saboda batir AA guda biyu suna kai irin su eTrex na Garmin wuni guda har da kari, in sun mutu ka canza, in na'urar ta faɗi ko ruwa ya taɓa ta ba abin kuka bane.

Zaɓi mai sauƙi. Kowane akwati yana da tauraro 1 zuwa 5 na wahalar nema da 1 zuwa 5 na wahalar hanya, kada ka wuce 2 a duka biyun. Girma kuma ɗauki small ko regular, ka bar micro da nano, wani nano ɗin bai fi kan ɗan yatsa ba kuma da maganaɗisu yake manne a jikin ƙarfe. Karanta rubutun mutanen ƙarshe, in ka ga uku huɗu a jere sun sa DNF, wato basu samu ba, ƙila an ɗauke shi, wuce wani.

Mataki na 3: tafiyar

Da ka isa kunna na'urar a fili ka bata lokaci. In ta daɗe a kashe ko ka yi nisa da inda ka kunna ta na ƙarshe tana iya ɗaukar mintuna kafin ta kama taurarin ɗan'adam, huɗu take buƙata aƙalla, amma kada ka tashi da zarar ta kama, jira lambar kuskuren da na'urar ke nunawa ta sauko ƙasa da mita 5 ko kusa da haka. Sa alamar inda ka ajiye mota ko inda ka shiga daji, ka bar ta tana zana sawunka. Wannan kam ba shawara bace, doka ce.

Kibiya layi miƙaƙƙe take nunawa, babu ruwanta da kogi ko katanga ko gonar wani, dan haka kalli taswira ka bi hanya har sai ta kawo ka kusa. Yawanci akwai hanya mai sauƙi, wanda ya ɓoye abin shima ba ta cikin ƙaya ya bi ba.

Mataki na 4: mita 10 na ƙarshe

Toh nan ne maganar take. Na'urarka a fili mai kyau tana da kuskuren mita 3 zuwa 5, na'urar wanda ya ɓoye akwatin ita ma tana da nata kuskuren a ranar da ya ɗauki lambobin, ka haɗa biyun kaga akwatin na iya zama mita 10 daga inda taka ke cewa sifili. Kusa da dogon gini ko dutse ko ƙarƙashin ganye mai duhu abin ya fi haka, saboda siginar tana bugun jikin abu ta dawo kafin ta iso ka, na'urar sai ta ɗauka ka fi nisa. Shi yasa kana tsaye cak lambar tana ta canzawa.

Ga kuma matsalar kibiya. Wasu na'urorin, irin eTrex 10, basu da kamfas na maganaɗisu a ciki, daga motsinka suke gane inda ka dosa, da ka rage sauri ko ka tsaya sai kibiyar ta rikice ta dinga juyi. Masu kamfas ɗin ma, irin eTrex 32x, suna son a sake saita shi bayan an canza batir, kuma ƙarfe a kusa yana ruɗa shi. Sabon shiga bai san wannan ba, sai ya dinga taku ɗaya ya juya, taku biyu ya juya, kibiya na wasa da hankalinsa.

Abinda zaka yi, tun kana mita 30 ka tafi da saurin tafiya na yau da kullum a miƙe, ka ɗaga kai ka ga me kibiyar ke nunawa a gabanka, bishiya ce ko dutse ko benci. Da lambar ta sauko mita 8 ko 10, sa na'urar a aljihu. Da gaske nake, a aljihu. Daga nan tambayar ita ce, da ni ne zan ɓoye abu mai wannan girman a nan, ina zan sa? Nemi abinda bai yi kama da aikin Allah ba, tarin itace da aka jera su sun kwanta gefe ɗaya, duwatsu uku da aka ɗora a bakin rami, ɓawon bishiya da aka jingina, ƙusa ko ƙugiya a reshe. Duba sama ma, ba ƙasa kawai ba. Kada ka tona ƙasa, dokar wasan ta hana binnewa, in ka ga kana buƙatar shebur to ba wurin bane.

In minti goma sun wuce babu labari, koma baya mita 30 ta wani ɓangaren daban ka sake tahowa, inda layin farko da na biyu suka haɗu nan zaka tsananta. Ko ka ajiye na'urar kan dutse minti biyu ta nutsu ka ga me zata ce. Sai a nan zaka buɗe alamar taimako, a shafin a birkice ake rubuta ta da tsarin ROT13, A ta koma N, B ta koma O, dannawa ɗaya ke warware ta. Wasu na ganin buɗe ta kasawa ce, ni ban ga abin kunya ba. Kuma dan Allah kada ka zura hannu a rami kai tsaye, haska tocila ko ka fara sa sanda, ba akwati kaɗai ke son irin wuraren nan ba.

Mataki na 5: ka samu

Ɗan matsa gefe kafin ka buɗe kada masu wucewa su gane maɓoyar. Sa suna da kwanan wata, ka riƙe biro naka dan ƙananan basu da shi. In ka ɗauki wani abu ka bar wanda ya kai shi ko ya fi shi, banda abin ci ko mai ƙamshi, dabbobi zasu farfasa akwatin. In ka ga wani abu mai lambar bibiya a jiki ba kyauta bane, yawo yake, ko ka kai shi wani akwatin ko ka bar shi. Rufe da kyau, mayar daidai inda ka ɗauko ko da GPS ɗinka na cewa ba nan bane. In ka koma gida rubuta a shafin, in baka samu ba ma sa DNF ɗinka, da shi mai akwatin zai san ya kamata ya je ya duba. Sannan cire batir in zaka ajiye na'urar ta daɗe, alkalin yana zubar da ruwa ya cinye ƙarfen ciki.