Yadda ake tanƙwara rassan gwaiba don kada ta wuce tsayin da ake so

Wanda ya dasa gwaiba a tsakar gida, ko a cikin rabin durom a bakin baranda, yakan tarar bayan shekara biyu ko uku cewa bishiyar ta miƙe ta nufi rufin kwano ko wayar lantarki, 'ya'yanta kuma sun koma can ƙololuwa inda jemagu da tsuntsaye ke riga mai gida ɗanɗanawa. Mafi yawan mutane adda suke ɗaukowa su sare kan, sai dai saran ba ya daɗewa yana amfani, domin daga ƙasan wurin da aka sare rassa uku ko huɗu ne za su fito, kowanne a miƙe kuma da ƙarfi, kafin damina ta ƙare sun mayar da tsayin da aka rage. Tanƙwara rassa a ɗaure su ya fi sara riƙe bishiya a ƙasa, kuma ba a asarar ganyen da ke ciyar da ita.

Dalilin yana ga kan reshe, wato tsininsa mai tsiro. A can ne bishiya ke samar da wani sinadari da masana ke kira oksin, wanda ke gangarowa ta jikin reshen yana hana idanun da ke hammatar ganye tohowa. Kenneth Thimann da Folke Skoog ne suka tabbatar da haka a Amurka a 1933, lokacin da suka cire kan tsiron wani nau'in wake suka ga idanun gefe sun farka, da suka sanya sinadarin a wurin da aka cire kuwa sai idanun suka ci gaba da barci. Muddin reshe yana tsaye, kansa ne ke mulki, shi ke janye ruwa da abinci. Da zarar an kwantar da shi, ikon kan ya ragu, ƙarfin ya rarrabu ga idanun da ke bisa doron reshen, sai bishiyar ta yi faɗi maimakon tsawo.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a nan maganar ba ta buƙatar fassara. Reshen da ya fi dacewa shi ne wanda kaurinsa bai wuce na fensir ko ɗan yatsa ba, wanda ya fara barin launin kore amma bai riga ya ƙeƙashe ba. Wanda ya yi kaurin ƙotar fartanya ya wuce wannan aiki, sai dai a datse shi a jira sabon toho. Lokacin da ya fi kyau shi ne farkon damina, ko duk sa'ad da bishiyar ke cikin toho idan ban ruwa ake yi mata. A guji tsakiyar bazara, wajen Maris da Afrilu, saboda doron reshen da aka kwantar yana fuskantar rana kai tsaye, ɓawon da ya saba da inuwa kuma yana iya ƙonewa. A cikin yini ma akwai zaɓi: da sassafe, ko jim kaɗan bayan ban ruwa, rassa na cike da ruwa suna saurin ɓallewa, amma da la'asar sun ɗan yi laushi sun fi karɓar lanƙwasa.

Kayan aikin ba su da tsada. Ana buƙatar abin ɗauri mai faɗi da laushi, kamar tsumman atamfa da aka yayyaga ko tsohon tub na keke da aka yayyanka dogo-dogo, sai turaku idan bishiyar a ƙasa take. Idan a durom ko baho take, a huda ramuka a bakinsa a zagaye, a riƙa ɗaure igiyar a nan. Kada a yi amfani da waya tsirara ko siririn zaren buhu a jikin reshe, domin suna yanka ɓawo.

Idan za a fara, a riƙe gindin reshen da hannu ɗaya daidai inda ya haɗu da uwar bishiya, domin nan ne ya fi saurin tsagewa, musamman idan reshen ya fito a matse da jikinta. Da ɗayan hannun a riƙa lanƙwasa shi a hankali, ana sassautawa ana sake dannawa, ana matsar da yatsu daga tsakiya zuwa gaba, har ya saki jiki. A ɗaura igiyar wajen kashi biyu cikin uku na tsawonsa, da madauki mai sako-sako wanda yatsa zai iya shiga, sannan a ja ta zuwa turke. Idan bishiyar ƙarama ce kuma kanta ake son kwantarwa, sai an fara ɗaure gindinta da wani turke ta ɗaya gefen, in ba haka ba jan igiyar zai girgiza saiwa. Reshen da ya ƙi sauka kada a tilasta masa a rana ɗaya. A ɗaure shi inda ya tsaya, bayan kwana huɗu ko biyar a ƙara jan igiyar kaɗan.

Wurin da aka fi yin kuskure shi ne yawan kwantarwar da siffarta. Reshen da aka karkatar rabin hanya tsakanin tsaye da kwance yana ci gaba da tsawo a hankali, yana kuma fitar da rassan gefe masu matsakaicin ƙarfi, kuma wannan ne ya dace da rassan da ake so su zama ginshiƙin bishiya. Wanda aka shimfiɗa sosai yana kusan daina tsawo, sai idanun doronsa su fito a jere. Wanda aka sunkuyar da kansa ƙasa har ya yi baka kuwa, a daidai ƙusumbin ne reshe guda mai ƙarfi zai ɓullo ya harba sama, domin a wurin bishiya duk idon da ya fi kowa tsayi shi ne sabon kai. Mutum sai ya ga ya sha wahalar ɗauri amma bayan wata biyu tsawon ya dawo ta wata ƙofa. Saboda haka a yi ƙoƙari reshen ya kwanta a miƙe ba tare da ƙusumbi ba, kansa ya ɗan fi gindinsa tsayi, kuma a rarraba rassan ta kowace fuska yadda babu wanda zai rufe wa wani rana. A ganina gara a bar reshe bai kai kwanciya ba a kan a wuce da shi, domin na farkon ana iya gyara shi da ƙarin jan igiya.

Cikin 'yan kwanaki ɗanyen kan reshen zai sake ɗagowa ya nufi sama, wannan kuma ba alamar gazawa ba ce, sai dai a ƙara wani ɗauri a gaba idan ya yi tsawo. A riƙa duba madaukai kowane mako, domin reshe na ƙara kauri, igiyar da ta matse kuma tana nutsewa cikin ɓawo ta toshe hanyar abinci. Sababbin rassan da suka fito a doro a rage su tun suna ƙanana, a bar tazarar kamar taƙi ɗaya tsakaninsu, wanda ya fi saura ƙarfi kuma a tsinke kansa da farce ko shi ma a kwantar da shi. Idan reshe ya tsage amma bai rabu ba, a mayar da shi yadda yake, a naɗe wurin da tub ko leda, a tallafe shi da sanda, sau da yawa yakan haɗe. Ana kwance igiya ne idan an sassauta ta aka ga reshen bai tashi ba, abin da kan ɗauki wata biyu zuwa uku a lokacin toho.

Gwaiba tana fure ne a kan sabon toho, shi ya sa wannan aiki ke zuwa da riba ta biyu. Manoman jihar Bengal ta Yamma a Indiya, musamman na yankin Baruipur da ya yi suna da gwaiba, suna tanƙwara rassa su cire mafi yawan ganyen su bar na kai, domin tilasta wa bishiya sabon toho da fure, ta yadda za su sami 'ya'ya a lokacin da kasuwa ba ta cika ba. Mai son gwada haka a gida ya tabbata yana da ruwa da takin da zai ciyar da tohon, kada kuma ya yi wa dukan rassan lokaci ɗaya.

Rumman da ɓaure da inabi duk suna karɓar wannan horo, lemo ma yana karɓa idan an yi haƙuri da ƙayarsa. Zogale kuwa itacensa gautsi ne da shi, yakan karye kafin ya lanƙwasu, don haka shi datsewa ce ta dace da shi, a sare shi a tsayin ƙugu ko ƙirji ya sake tohowa.