Kurakuran da muke yi wajen ba yara littattafan kasada da na dabbobi

Sau da yawa uba zai kashe kuɗinsa ya sayo wa ɗansa littafi, bayan mako guda ya tarar da shi a ƙarƙashin gado, ko shafi biyar ba a wuce ba. Sai a ce yaran zamani ba sa son karatu. Amma in aka bi diddigi, galibi daga hannun manya matsalar ta taso.

Na farko shi ne a ga hoton dabba a bango a ce ai wannan na ƙanana ne. The Call of the Wild, wanda Jack London ya fitar a 1903, labarin wani kare ne mai suna Buck da aka sato daga Kalifoniya aka sayar wa masu neman zinariya a arewacin Kanada. Tun a farkon littafin ana jibgarsa da kulki har ya kasa tashi, sannan a gabansa wasu karnuka suka yayyaga wata karya. Wannan ba abin da za a karanta wa ɗan shekara shida ba ne lokacin kwanciya. Haka Black Beauty na 1877: Anna Sewell ta rubuta shi ne don masu aiki da dawaki su tausaya musu, shi ya sa ta bar dokin ya ba da labarin wahalarsa da bakinsa. Yaro mai shekara goma zuwa sama zai iya ɗauka, kuma bayan ya gama zai dubi jakin da aka labta wa kaya a hanyar kasuwa da wani ido daban. Gyaran ba wuya. Ku karanta babi biyu ko uku kafin ku miƙa masa.

Sai kuma batun Turancin. Robinson Crusoe ya fito ne a 1719, jimla ɗaya a cikinsa tana iya cin rabin shafi. Babba ma sai ya yi da gaske, balle ɗan firamare. Akwai bugun da aka sauƙaƙa, irin na kamfanonin buga littattafai na Ladybird da Oxford da Longman, an jera su mataki-mataki. Wasu iyayen suna raina su, wai ba su ne na asali ba. Ni dai ban ga aibinsu ba, don yaron da ya ƙaunaci labari a gajeren bugu shi ne zai nemi cikakken da kansa idan ya girma. Ku buɗe shafi ɗaya ku ce ya karanta a bayyane. In ya yi tuntuɓe a kalmomi fiye da biyar, a koma matakin ƙasa.

Wanda ya fi damuna shi ne mayar da labari jarrabawa. Yaro ya gama babi, ransa na cikin jirgin ruwa, sai a tare shi da "To, wane darasi ka koya?" ko a ce ya fitar da kalmomi goma ya nemo ma'anarsu a ƙamus. Daga ranar littafin ya koma aikin gida. Alhali abin da ke riƙe yaro shi ne ƙaguwar jin abin da zai biyo baya. Treasure Island, kafin ya zama littafi a 1883, kashi-kashi aka riƙa buga shi a wata mujallar yara. Ku ma ku bi wannan tsarin. Ku karanta har inda yaron labarin, Jim, ya ɓuya cikin gangar tuffa yana jin ɗan fashin teku Long John Silver na ƙulla yadda shi da mutanensa za su ƙwace jirgin, sai ku rufe littafin ku ce, "Sai gobe in Allah ya kai mu." Zai yi ta magiya, "Baba don Allah ƙara kaɗan." Kada ku ƙara. Washegari shi zai kawo muku littafin tun kafin ku gama cin tuwo. Da irin wannan dabarar aku ya riƙe Musa da labarai ya hana shi fita a Magana Jari Ce na Abubakar Imam.

Tunda na ambaci Abubakar Imam, kuskure ne babba a tsallake namu a fara da na Turawa. Ruwan Bagaja na Imam ɗin da Ganɗoki na Bello Kagara, duka na 1934, cike suke da tafiye-tafiye da jarumtaka, kuma yaro ba ya fama da harshe, labarin kawai zai bi. Wanda ya saba zama da littafi a Hausa bai cika tsoron na Turanci ba.

Akwai kuma abin da bai kamata a yi shiru a kansa ba. Yawancin waɗannan littattafai an rubuta su ne a zamanin cinikin bayi da mulkin mallaka. Crusoe kan hanyarsa ta zuwa Afirka sayen bayi jirginsa ya tarwatse, kuma mutumin da ya ceta a tsibirin da ya tsinci kansa bai tambaye shi sunansa ba, ya raɗa masa wani, ya koya masa ya riƙa kiransa ubangida. Wasu iyayen sukan hana littafin gaba ɗaya, wasu kuma su wuce wurin kamar ba su gani ba. Gara a tsaya a tambayi yaron, "Kana ganin mutumin nan ba shi da suna tun da?" A bar shi ya yi tunani, sannan a ci gaba da labarin.

Kada kuma ku ɗauka wanda ya kalli katun ya gama da littafi. The Jungle Book na Rudyard Kipling, 1894, labarai bakwai ne, uku kaɗai suka shafi Mowgli, yaron da ya tashi cikin namun daji. A cikin sauran akwai na wani tunku da ya yi artabu da macizai don ya kare mutanen gidan da suka ɗauke shi. Gajere ne, ana gama shi a zama ɗaya ko biyu, don haka yaron da bai taɓa kai littafi ƙarshe ba, da shi ya kamata a fara masa.