Darasi na 7: Uwar yaro mai lalura, ke ma jikinki yana da haƙƙi a kanki

Wannan darasin na iyaye mata ne masu rainon yaron da Allah ya jarrabe shi da wata lalura. Wanda ya kai shekara shida ko goma amma har yau a baya ake goya shi, ko kurma, ko makaho, ko mai farfaɗiya, ko wanda ake ce wa galahanga. In ba ki da irin wannan yaron kar ki tsallake shafin, don da wuya a ce duk danginku da layinku babu ko ɗaya, kuma ke ce za ki iya zama hutun wata.

Yadda damuwa take nunawa a jiki

Mata da yawa ba sa cewa "ina cikin damuwa". Abin da za ki ji shi ne kaina ne ke sarawa, wuyana ya riƙe, gabana ne ke ta faɗuwa, olsa ta tashi. Ki kwanta barci ya ƙi zuwa, in ya zo kuma tari ɗaya yaron zai yi ki zabura. Ki sa gishiri a miya sau biyu, ki daka wa sauran yaran tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, daga baya ki koma ɗaki kina kuka ke kaɗai. Sai a aika kemis a sayo farasitamol, gobe ma haka, jibi ma haka. Toh 'yar uwa wannan duk alamar jiki ya gaji ne, ba rashin imani ba ne kuma ba rashin son ɗanki ba ne. Annabi (SAW) da kansa ya ce wa Abdullahi ɗan Amru, da ya matsa wa kansa da azumi da tsayuwar dare, jikinka yana da haƙƙi a kanka. In mai ibada aka ce ya sassauta, ina ga wadda take tashi sau uku cikin dare tana juya yaro tana canza shimfiɗa?

Ba laifinki ba ne

Nauyin da ya fi karya zuciyar uwa sau da yawa shi ne maganganu. Wai kin fita da magariba kina da ciki, wai ɗan ruwa ne, wai a danginku ne abin yake. Ki sani likitoci sun san sanadin da yawa daga cikin waɗannan lalurorin. Yaron da wuyansa bai tsaya ba, jikinsa ya sanƙare ko ya saki, galibi ƙwaƙwalwarsa ce ta samu rauni, ko dai wajen doguwar naƙuda da ya fito bai yi kuka da wuri ba, ko shawara mai tsanani a kwanakin farko lokacin da ido ya yi rawaya, ko sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa. Wani kuma tun a ciki haka halittarsa ta zo. Farfaɗiya ma ciwon ƙwaƙwalwa ce, ba a ɗaukarta ta yawu ko ta cin abinci a kwano ɗaya, kuma akwai maganin da ke rage tashinta sosai in ana sha kullum ba fashi.

Na kawo wannan ne saboda in kin san sanadi, kin huta da yawon gidan masu magani, wanda shi kansa yana cinye kuɗin cefane da ƙarfin ƙafarki.

Abin da za ki yi a lokacin da zuciya ta kawo wuya

Ki kwantar da yaron a inda ba zai faɗo ba, nesa da murhu da bokitin ruwa. Ki zauna ki dafa ƙasa da tafin ƙafarki. Ki ja numfashi ta hanci a hankali kina ƙirga 1, 2, 3, 4, sannan ki sake shi ta baki kina ƙirga har 6, fitarwar ta fi shigarwar tsawo, haka sau goma. Bugun zuciya yana sauka in an yi haka. Wata tana haɗawa da tasbihi, wata da addu'arta ta coci, duk daidai ne. Ki sha ruwa, ki wanke fuska. In kin ji hannunki na neman kai wa yaron duka, ki fita tsakar gida tukunna, kukan minti biyar a wuri mai aminci ba zai cutar da shi ba.

Raba aiki

Nan ne zan daɗe, don a ganina nan ne maganin yake. Mu an koya mana haƙuri, kuma haƙuri abu ne mai kyau, amma an haɗa shi da kunya da kawaici har mace ta ga in ta ce a taya ta kamar ta gaza ne, ko za a ce ta gaji da ɗanta, sai ta yi shiru tana ta ɗauka har ranar da za a kwashe ta zuwa asibiti da hawan jini, ranar kuma dole wani ya riƙe yaron, toh me ya hana a riƙe shi tun tana kan ƙafarta? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mutane da yawa suna so su taimaka, ba su san ta ina ba, wasu kuma tsoron yaron suke. Shi ya sa "a taimaka min" ba ta cika aiki ba. Ki faɗi aikin, ki faɗi rana da lokaci. Ku karanta waɗannan da ƙarfi a aji:

"Yaya, dan Allah ranar Laraba bayan azahar ki zauna min da shi zuwa la'asar, zan ɗan kwanta."

"Baban yara, ranar zuwa gashin ƙashi a asibiti kai za ka ɗauko shi zuwa bakin titi, bayana ba ya iyawa yanzu."

"Inna, kunun nan da kauri ake ba shi, a zaunar da shi a tsaye, kan a ɗan sunkuyar, cokali kaɗan-kaɗan, kar a ɗura masa a kwance, zai shaƙe."

Kin ga ta ƙarshen nan koyarwa ce. Ki samu mutum biyu a gidan, ko facalarki ce ko kishiya in kuna zaman lafiya ko ƙanwar mai gida, ki nuna musu komai da hannu. Yadda ake ba shi abinci, lokacin magani, da abin da ake yi in farfaɗiya ta tashi, wato a kwantar da shi a gefe, a kawar da abin da zai buge shi, kar a sa masa cokali ko yatsa a baki, kar a ba shi ruwa sai ya farfaɗo, in ta wuce minti 5 ba ta tsaya ba a nufi asibiti. Ba za su yi kamar yadda kike yi ba, ki kau da kai. Abu ɗaya dai zan ja kunnenki, kar ki mayar da babbar 'yarki uwa ta biyu har ta bar makaranta, ta taya ki amma ta je aji.

In kina kai shi gashi, misali a asibitin ƙashi na Dala ko na Malam Aminu Kano, ki duba matan da kuke zama a benci ɗaya. Ku karɓi lambar juna. Mata huɗu ko biyar za su iya yin adashin kuɗin mota, su yi karɓa-karɓar wuni, kuma babu mai fahimtar maganarki kamar wadda ita ma take wanke zannuwa da asuba.

Bayanki da barcinki

In za ki ɗaga shi daga tabarma ki durƙusa ki lanƙwasa gwiwa, ki jawo shi jikinki sannan ki miƙe, kar ki sunkuya daga ƙugu. In ya yi barcin rana ki kwanta ke ma, wanke-wanke zai jira. Ki ci abinci kafin ki fara ba shi, don ciyar da shi kan ɗauki lokaci. Maganin barci na kemis kuwa ki bar shi sai in likita ne ya rubuta, jiki yana sabawa da shi.

Masu kallo da masu tambaya a gidan biki ko suna, ki tanadi amsa ɗaya gajera, "lalura ce, yana ganin likita, a sa mu a addu'a", ki wuce. Kar ki daina fita saboda su.

Lokacin da ya zama sai asibiti

In kin yi sati biyu ko fiye kullum cikin baƙin ciki, ba kya jin daɗin komai, ba ci ba barci, ko kina jin gara ki mutu, ko tunanin cutar da yaron yana zuwa miki, wannan ciwon damuwa ne kuma ana warkewa. Ki faɗa wa wani da kika yarda da shi yau ɗin nan, ku je asibitin da ya fi kusa. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau a Kano, da Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, kuma zuwa can ba ya nufin hauka.

Ki kuma sani a watan Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya a Najeriya, ta kuma ba su haƙƙin karatu kyauta har sakandare. Ba ko'ina ake cika ta ba, amma in za ki nema wa ɗanki gurbi, kamar a makarantar kurame da makafi ta Tudun Maliki a Kano, ki je da sanin haƙƙinsa kike nema.

Aikin gida

Ki rubuta sunan mutum biyu da za ki koya wa kula da yaronki. A gaban kowane suna ki rubuta aiki ɗaya, da rana, da lokaci. Sannan ki rubuta ƙarfe nawa kika kwanta da ƙarfe nawa kika tashi na kwana bakwai, ki zo da littafin aji mai zuwa. Wadda ba ta da yaro mai lalura ta rubuta ranar da za ta je ta karɓi wata, ta kuma je.