Tohon baƙin fofla da ganyensa: yadda ake haɗa man shafawa, shayi da zuma a zafin Maradi

Baƙin fofla ba itacen ƙasarmu ba ne. Gidansa Turai ne, da yammaci da tsakiyar Asiya, da arewacin Afirka wajen Maroko da Aljeriya. Yana son bakin kogi inda ƙasa ba ta rabuwa da laima, yana kuma buƙatar sanyi mai tsanani da zai sa ya zubar da ganye ya huta. Gulbin Maradi da ke ƙafewa da rani ba zai riƙe shi ba. Don haka duk wanda ya miƙo maka ɗanyen ganye ya ce na fofla ne daga garkarsa, wani itace ya ba ka. Abin da ke iso mana busasshen toho ne a leda ko a kwalba, ta hannun matafiya ko masu sayar da magungunan itatuwa. A jikin takardar za a ga Populus nigra, ko da Faransanci bourgeons de peuplier noir. In babu ɗaya daga cikin biyun, a bar shi.

Amfanin itacen yana cikin tohon, kuma mafi yawansa na shafawa ne a fata. Sha da ci suna biyo baya ne da nisa.

Gane toho mai kyau

Ana tsinkar tohon a ƙarshen sanyin Turai, wajen Fabrairu zuwa Maris, tun bai buɗe ba. A lokacin yana lulluɓe da danƙo mai ƙamshi wanda ke kare ganyen da ke naɗe a ciki. Wannan danƙon ne ƙudan zuma na can ke kwasa su liƙe kafofin amyarsu da shi. A cikin tohon akwai sinadaran salisin da fofulin, dangin sinadarin da ke cikin asfirin. An fara ware salisin daga ɓawon itacen wilo, ɗan uwan fofla, a 1828 a Jamus, kamfanin Bayer kuma ya haɗa asfirin a 1897. Akwai kuma wasu sinadarai da ke rage kumburi da hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa a saman fata.

Toho mai kyau siriri ne mai tsini, santimita 1 zuwa 2 ko ya ɗan fi, launinsa ruwan ƙasa mai ja-ja da sheƙi. In ka murza shi tsakanin yatsu zai ɗan manne, ƙamshi mai daɗi ya tashi. Wanda ya yi fari-fari ko ya yi warin rima ya yi fumfuna. Wanda ya rugurguje ba danƙo ba ƙamshi ya tsufa, ko an riga an tatse shi. A buɗe ledar a duba gindinta: a zafinmu danƙon kan narke ya dunƙule tohon wuri guda. Dunƙulewar ba laifi ba ce muddin ƙamshin yana nan.

Man toho

Danƙon ba ya narkewa sosai a ruwa, amma yana sakin jiki a cikin mai. Man gyaɗa tatacce da muke da shi a wadace ya isa, haka ma man riɗi. Sharaɗin shi ne ya zama sabo, ba wanda aka soya ƙuli-ƙuli ko wani abu a ciki ba, kuma babu ɗigon ruwa a gindinsa.

A auna toho giram 100 da mai mililita 400. A ɗan farfasa tohon a turmin ƙarfe ko da gindin kwalba, kada a mai da shi gari, don garin yana bi ta ƙyalle ya sa man ya yi tsakuwa-tsakuwa a fata. Turmin itace kuwa zai sha danƙon ya riƙe ƙamshin, dakan yaji na gaba ya ɓaci. A zuba tohon a kwalbar gilashi mai faɗin baki, busasshiya ƙarau, a zuba mai har ya haye shi da kaurin yatsa biyu.

Hanya biyu ce daga nan. Mai haƙuri ya rufe kwalbar ya ajiye a inuwa cikin ɗaki mako 4 zuwa 6, yana girgizawa kowace rana. Ɗumin ɗakinmu kaɗai ya wadatar. Kada a shanya ta a rana kamar yadda mutanen ƙasashen sanyi ke yi: ranar Afrilu a Maradi tana lalata mai, ya yi warin tsufa tun bai gama jiƙuwa ba.

Mai sauri ya shimfiɗa tsumma a gindin tukunya, ya ɗora kwalbar a kai ba tare da ya ɗaure murfin ba, ya zuba ruwa a tukunyar har rabin kwalbar, ya sa a kan garwashin da ya lafa. Zafin da ake so digiri 50 zuwa 60 ne, tsawon awa 3 zuwa 4. In babu ma'aunin zafi, ruwan ya riƙa tururi amma kada ya tafasa. Nan ne aka fi yin ɓarna. In aka ɗora man kai tsaye a wuta, tohon soyuwa yake yi, ƙamshin ya gudu, danƙon ya ƙone ya kwanta baƙi a gindi. Man da ya yi daidai launinsa ruwan zuma ne mai duhu, ƙamshin tohon kuma ya rinjayi na gyaɗar.

A tace da farin ƙyalle mai tsabta tun man yana da ɗumi, a matse sosai. A bar shi ya kwana, a tsiyaye na sama a bar laka. Danƙon da ya manne a hannu ko a cokali sabulu kaɗai ba ya fitar da shi, sai an fara goge shi da ɗan mai sannan a wanke.

Daga mai zuwa man shafawa

Kakin zuma ne ke daskarar da shi, kuma a nan dole a saɓa wa ma'aunin littattafan Turai. Man shafawar da aka haɗa da ma'auninsu yana narkewa ya malale a aljihu in zafi ya haura digiri 40. Ga kowane mililita 100 na man toho, a sa kaki giram 25 in za a yi amfani da shi da bazara, giram 15 zuwa 18 in na hunturu ne. Kaki yana narkewa a wajen digiri 62 zuwa 64, don haka a fara narkar da shi shi kaɗai a kwano bisa ruwan zafi, sannan a zuba man a hankali ana juyawa. Kafin a juye, a ɗiga kaɗan a cokali a bari ya huce. In ya yi tauri har ba ya bin yatsa, a ƙara mai. In ya yi ruwa, a ƙara kaki.

A wannan ma'aunin ana iya ƙara man kaɗanya giram 20 don laushi, musamman saboda faso. Kada ya wuce haka, don kowane gram na man kaɗanya yana tsarma ƙarfin tohon. Kwamitin masana na hukumar lafiyar Jamus da ya amince da tohon fofla don shafawa ya ambaci haɗi mai kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na toho, ma'aunin da ke sama kuma yana dab da ƙasan wannan iyaka.

A zuba a ƙananan gwangwanaye ko kwalabe busassu, a bari ya huce sarai kafin a rufe. In aka rufe da zafi, gumi zai taru a murfi ya ɗiga ciki, daga nan fumfuna take farawa. A rubuta kwanan wata a jiki. A wuri mai sanyi, gefen randa alal misali, yana kai wata 6. Da ya canja wari, a zubar.

Ana shafa shi siriri sau 2 ko 3 a rana a ƙaramin ƙujewa, da faso, da tsagewar leɓe da hannu lokacin hunturu, da basir na waje mai ƙaiƙayi da zafi. Wannan aiki na basir tsoho ne, masu haɗa magani a Turai sun yi ƙarnoni suna yin man fofla dominsa. Amma basir mai zubar jini na likita ne, domin jini daga dubura yana iya zama alamar wata cuta da mai ba ya taɓawa. Sabuwar ƙuna kuma ruwa mai sanyi take so, minti 20, ba mai ba. Sai ƙaramar ƙuna ta huce, babu bororo babu saluɓewa, sannan a shafa. Rauni mai zurfi, miki mai ruwa, da gyambon ƙafar mai ciwon sukari, duk asibiti za a nufa.

Shayi da zuma

Rabin ƙaramin cokali zuwa cokali ɗaya na farfasasshen toho a kofin tafasasshen ruwa, a rufe minti 10, a tace. Rufewar tana da muhimmanci don ƙamshin yana bin tururi. Yana da ɗaci da ɗanɗanon ƙaro, zuma ko ɗan citta na gyara shi. Babba ya sha kofi ɗaya sau biyu a rana don kaushin maƙogwaro da tarin mura, ko ya kurkure maƙogwaro da shi ya zubar. Kada a wuce mako ɗaya. Tarin da ya kai mako biyu, ko ya zo da rama da gumin dare, gwajin tarin fuka yake buƙata.

A girki rabonsa kaɗan ne, kuma ba ma ganin dalilin kumbura shi. Abin da ya fi daɗi shi ne zumar toho: babban cokali ɗaya na toho a zuma giram 250, a rufe mako 3 zuwa 4, a ɗan ɗumama a ruwan ɗumi a tace. Ƙaramin cokali a kunu ko a shayi ya isa. Tohon ya zama busasshe sosai, in ba haka ba zumar za ta yi tsami ta yi kumfa. A miya ba shi da wuri, ɗacinsa da danƙonsa suna ɓata tukunya.

Ganyen

Ganyen mai kusurwa uku ne da tsini a kai, yana da ɗaci, kuma ƙarfinsa bai kai na toho ba. A ƙasashensa an fi ba dabbobi shi. Mutane sun ci ɓawon ciki na itacen, busasshe a niƙe a gauraya da gari, amma a shekarun yunwa ne. In an samu busasshen ganye, a tafasa giram 30 a lita ɗaya na ruwa minti 10, a tace, a jiƙa tsumma a ɗora da ɗumi a gwiwa ko gaɓar da ke ciwo na minti 15. Ruwan ba ya kwana, a dafa sabo kullum. Ga ganyen ci, zogale da rama da yakuwa sun fi shi ta kowace fuska.

Waɗanda za su nisance shi

Duk wanda asfirin ke sa wa ƙuraje, kumburin fuska ko toshewar numfashi kada ya sha kada ya shafa. Haka wanda danƙon ƙudan zuma ke yi wa borin jini, tunda asalinsu ɗaya. Mai asma, mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, da mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin, kada su sha. Mai ciki da mai shayarwa su bar shi. Yara ba a ba su shayin ko zumar tohon, musamman in suna zazzaɓi ko ƙyanda ko farankama, saboda dangin asfirin na iya jawo musu cuta mai taɓa hanta da ƙwaƙwalwa. Jaririn da bai shekara ba kuwa ko zuma zalla ba a ba shi. Zazzaɓi da damina gwajin maleriya yake so tun ranar farko.

Ko lafiyayyen babba ya fara gwaji: ɗan mai kamar ƙwayar gero a cikin hannu kusa da gwiwar hannu, a bar shi kwana biyu, don ƙaiƙayin irin wannan danƙo yakan yi jinkirin fitowa. In wurin ya yi ja, ko ƙuraje, ko raɗaɗi, a wanke da sabulu a daina. In man na gyaɗa ne, a tambayi wanda za a ba ko gyaɗa na yi masa illa, in haka ne a haɗa masa nasa da man zaitun.