Yadda Ake Auna Gudun Jini a Tantanin Bayan Ido da Hoton Bidiyo

Tantanin bayan ido, wanda likitoci ke kira ratina, shi ne wurin da ake iya kallon jijiyoyin jini kai tsaye ba tare da an tsaga fata ba. A Kano, inda ciwon sukari da hawan jini da sikila ke kai jama'a sashen ido na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Asibitin Ido na ECWA da ke Sabon Gari, sanin saurin jinin da ke cikin waɗannan jijiyoyi yana taimakawa wajen gano toshewa tun kafin gani ya dushe. Dabarar, wato tura rini cikin jini a ɗauki hoton tafiyarsa a ido, ta samo asali ne daga aikin Harold Novotny da David Alvis na Amurka, wanda aka wallafa a 1961.

Kafin komai, a tambayi majiyyaci ko magani ya taɓa yi masa illa, mace kuma a tambaye ta ko tana da juna biyu. A roƙe shi ya haƙura da goro da kofi da taba a ranar, domin suna tsuke jijiyoyi, wanda kuwa ya ci goro a bakin ƙofar asibiti ya riga ya gurɓata awon. Sai a auna hawan jininsa, a ɗiga masa maganin buɗe baƙin ido, a jira kamar minti 20 zuwa 30.

Idan ido ya buɗe, majiyyaci zai ɗora haɓa da goshi a jikin na'urar ɗaukar hoton bayan ido, a saita ta a kan inda jijiyoyi ke fitowa, sannan a fara ɗaukar bidiyo kafin a yi allura. Ana tura mililita 5 na rinin fuloresin mai ƙarfin kashi 10 cikin ɗari ta jijiyar hannu, da sauri kuma a lokaci guda, saboda rinin da aka tura a hankali yana isa ido a warwatse. Cikin daƙiƙa 10 zuwa 15 zai bayyana, shuɗin hasken na'urar ya sa shi walƙiya kore-kore.

A nan ne ainihin awon yake. Bidiyo mai ɗaukar hoto 25 a daƙiƙa yana ba da hoto ɗaya a kowace milidaƙiƙa 40 (milidaƙiƙa dubu ne daƙiƙa ɗaya), don haka ana zaɓar wurare biyu a kan jijiya ɗaya, a auna tazararsu, a ƙirga hotunan da rinin ya ci kafin ya tashi daga na farko zuwa na biyu. Tazara a raba da lokaci, shi ne sauri. Haka kuma ana duba jinkirin da ke tsakanin bayyanar rini a jijiyar da ke kawo jini da bayyanarsa a wadda ke mayar da shi. Idan ya yi tsawo, jini na tafiyar hawainiya a ƙananan jijiyoyi. Yawan jini kuwa sai an ninka sauri da girman filin bakin jijiyar, wanda ake lissafawa daga kaurinta, kuma a ganina nan aka fi yin kuskure, domin ɗan ƙari a awon kauri yana kumbura sakamako sosai. Hotunan da ido ya motsa ko aka ƙifta, musamman lokacin hunturu da ƙura ke busar da ido, a cire su daga lissafi.

A tanadi maganin gaggawa a kusa, domin wasu kan ji tashin zuciya, ƙalilan kuma jikinsu kan ƙi rinin har numfashi ya sarƙe. A sanar da majiyyaci cewa fitsarinsa zai yi rawaya sosai kwana ɗaya ko fiye, kuma kada ya tuƙa mota ko babur a ranar, gara ɗan rakiya ya tsayar musu da adaidaita sahu.