Yadda ake haɗa abin dangwale mai zaƙi ba tare da an zuba sukari ba

Abin dangwale kwaɓi ne mai kauri da ake ajiyewa a tsakiyar faranti, a jera yankakkun kayan marmari a gefe, kowa ya riƙa dangwala yana ci bayan abinci ko lokacin buɗa-baki. Abu biyu ke riƙe shi: dabino ya ba da zaƙi, tataccen kindirmo ya ba da jiki. Yawancin matsalar da ake samu kuwa daga ruwa take, ko ya yi yawa ko ya shiga inda bai kamata ba.

Uwargida, ki sani tun farko cewa maye gurbin sukari da zuma ko mazarƙwaila bai canja komai ba. A shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015, zuma tana cikin sukarin da aka ce a rage, kada babba ya wuce kimanin giram 50 a rana, wato ƙaramin cokali 12, in da hali ma ya tsaya a rabin haka. Kuma ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma.

Kwaɓin dabino

Ki samu dabino giram 200 bayan an cire ƙwallo, kusan kofi ɗaya da ɗan ɗori. Ki tsaga kowane ɗaya ki duba cikinsa, domin busasshen dabino yakan ɓoye ƙwari da ɗan baƙin gari a gefen ƙwallo. Ki wanke, ki zuba masa ruwan zafi kofi ɗaya. Mai laushi minti 15 ya ishe shi. Busasshen da ake kawowa daga Nijar sai ya yi awa ɗaya zuwa biyu, ko ki ɗora shi a wuta kaɗan-kaɗan na minti 10. Ki matsa ɗaya da yatsa: idan bai narke ba, bai jiƙu ba, kuma injin markaɗe zai bar miki gudaji da ɓawo.

Ki tsame shi, ki markaɗa da rabin kofi na ruwan jiƙon, ba duka ba. Ki sa gishiri ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka, da ruwan lemun tsami ƙaramin cokali ɗaya. Gishirin yana fito da zaƙin, har ki ga ba ki buƙatar dabino da yawa. Idan babu wuta, turmi mai tsabta ya wadatar, sai ki tace da rariya. Kwaɓin da ya yi daidai yana tsayawa a cokali, ba ya zuba. Yana yin mako guda a firji cikin kwalba mai murfi.

Tace kindirmo

Nan ne mutane da yawa suke gaggawa. Kindirmo yadda yake ruwansa ya yi yawa, ba zai kama jikin ayaba ko tuffa ba. Ki shimfiɗa farin ƙyalle irin na tatar koko a kan rariya, ki ɗora a kan kwano, ki juye lita ɗaya, ki sa a firji awa uku zuwa huɗu. Zai ragu zuwa kusan rabi. Kada ki matse ƙyallen da ƙarfi, jikin nonon zai bi ruwan ya fita. Ruwan da ya tsiyaye kuma kada ki zubar, yana shiga kwaɓin burodi ko na fanke.

Ki tabbatar da dafaffiyar madara aka yi kindirmon, domin ɗanyar madara tana iya ɗauko cututtuka daga shanu. Yogot na kanti yawanci da sukarinsa yake zuwa, sai ki karanta jikin robar kafin ki saya. Yin naki ya fi kwanciyar hankali: ki tafasa madara lita ɗaya, ki bari ta huce har yatsa ya iya jure ɗuminta, ki sa kindirmo babban cokali biyu, ki rufe awa shida zuwa takwas. A zafin Afrilu yana kamawa da wuri, ya yi tsami idan aka manta da shi. Da hunturu sai an naɗe kwanon da bargo.

Haɗe-haɗen

Mafi sauƙi shi ne tataccen kindirmo kofi ɗaya, kwaɓin dabino babban cokali uku, da garin kirfa rubu'in ƙaramin cokali. Da cokali za ki juya. Injin markaɗe yana tsinka kindirmo, ya mayar da shi ruwa bayan duk wahalar tacewa.

Na gyaɗa ya fi ɗaukar hankali, kuma a ganinmu shi ya fi daɗi da ayaba. Ki tsince gyaɗar sosai, ki zubar da duk wadda ta yi fumfuna ko ta motse, saboda gubar da fumfunar ke bari soyawa ba ta kashe ta. Ki soya, ki murje, ki markaɗa ta yi laushi. Ma'auninsa: gyaɗa babban cokali uku, dabino cokali biyu, kindirmo rabin kofi. Kuskuren da ake yi shi ne ɗiga ruwa kaɗan a cikin markaɗaɗɗiyar gyaɗa don a sassauta ta. Nan take za ta dunƙule ta fara fitar da mai, abin da masu ƙuli-ƙuli suke yi da gangan ke nan. Don haka gyaɗar za ki riƙa ɗiba kina sawa cikin kindirmo, cokali-cokali, kina juyawa. Idan ta riga ta dunƙule, ki ƙara kindirmo mai sanyi da yawa a lokaci guda, ki buga, za ta saki.

Yara sun fi son na cakulan. Ki dama nunanniyar ayaba biyu, wadda bayanta ya fara ɗige-ɗigen baƙi, ki sa garin koko na cakulan marar sukari babban cokali biyu da kindirmo rubu'in kofi. Milo da Bournvita ba sa cikin wannan lissafin, da sukarinsu. Ki tankaɗe garin kada ya yi gudaji. Wannan ba ya kwana, a ranar ake cinye shi.

Farin garin 'ya'yan kuka, ba ganyen miya ba, yana ba da tsami mai daɗi. Babban cokali ɗaya ya isa kofin kindirmo, da dabino cokali huɗu. Yana shan ruwa, saboda haka ki jira minti 10 ki ga kaurinsa kafin ki ƙara.

Abin da ake dangwalawa

Duk abin da lokaci ya kawo 'Yan Lemo, kasuwar kayan marmari ta Kano, ya yi: ayaba, tuffa, mangwaron da bai lugwigwita ba, ko ɓararriyar kwakwa. Abarba da gwanda suna da sinadarin da ke narkar da furotin ɗin madara, idan suka daɗe a ciki sai ɗaci ya fito. A dangwala a ci nan take, amma kada a yanka su cikin kwaɓin a ajiye. Kankana kuma ruwa take saki, ki ba ta nata farantin. Tuffa ki yayyafa mata lemun tsami kada ta yi duhu.

Game da masu ciwon sukari: kusan kashi biyu cikin uku na nauyin dabino sukari ne. Babban cokali ɗaya na kwaɓin nan yana da kimanin ƙaramin cokali biyu na sukari, sai dai yana zuwa tare da harzar dabinon. Kofi guda na haɗin farko na mutum huɗu ne. Mai ciwon ya rage dabinon zuwa cokali ɗaya, ya zaɓi na gyaɗa, ya kuma tuntuɓi likitansa a kan adadin da ya dace da shi.

Kowa a zuba masa nasa a ƙaramin kwano, domin wanda aka yi ta tsoma hannu a ciki ba ya ajiyuwa. Duk haɗin da ke da kindirmo kada ya wuce awa biyu a waje, a zafin bazara kuwa awa ɗaya. A firjin da wuta ke tsayawa yana kai kwana uku, ban da na cakulan. Idan wutar unguwarku ba ta da tabbas, ki haɗa iya na ci ɗaya.